Tsakanin Jami'a da Gidan Baje Koli: Sana'ar Masu Sake Tsara Tarihin Fasaha

Tsara baje kolin fasaha aiki ne na zaɓe. Mai tsarawa shi ke yanke wane zane za a rataya a bango, wane sassaƙe za a bari a ɗakin ajiya, me za a jera kusa da me, da abin da za a rubuta a 'yar takardar bayanin da ke gefen kowane aiki. A manyan gidajen fasaha na Turai da Amurka, abin da mai ziyara ke gani ɗan kaɗan ne daga cikin abin da gidan ya mallaka, saura na kulle a ma'ajiya. Saboda haka duk wanda aka damƙa wa mabuɗin wannan ma'ajiya, an damƙa masa ikon faɗa wa jama'a su wane ne gwanaye a tarihi, su wane ne kuma ba a san da zamansu ba. Daga kusan 1970 zuwa yau wani reshe na wannan sana'a ya tsiro wanda aikinsa shi ne tuhumar zaɓen kansa. Ya tsiro ne daga wurare uku: gwagwarmayar 'yancin mata, nazarin kwiya da ya fito daga gwagwarmayar masu neman jinsi ɗaya da waɗanda ba su shiga rabon namiji da mace da aka saba ba, da kuma yunƙurin tsige saiwar mulkin mallaka daga harkar ilimi. Yanzu reshen ya zama fannin karatu mai digiri na biyu da na uku, da mujallu, da kujerun farfesa.

Mata ne suka fara. A 1971 Linda Nochlin, malamar tarihin fasaha a Amurka, ta buga wata maƙala a mujallar ARTnews kan dalilin da ya sa ba a lissafa mace ko ɗaya cikin manyan gwanayen zane. Ta ƙi bin hanyar da aka zata za ta bi, wato ta tono sunayen wasu mata ta ce ga su nan. Sai ta juya ga makarantun zane na Turai waɗanda suka daɗe suna hana mata shiga ajin koyon zana surar jikin ɗan Adam, alhali wannan darasi shi ne tsanin hawa zuwa zanen da aka fi girmamawa. Matsalar, a ganinta, tana ga tsarin koyarwa da na ɗaukar nauyi. A 1976 ita da Ann Sutherland Harris suka shirya baje kolin ayyukan mata daga 1550 zuwa 1950 a gidan fasaha na gundumar Los Angeles, wanda ya nuna yadda binciken jami'a kan koma bango mai rataye da zane. A Ingila, Griselda Pollock ta Jami'ar Leeds da Rozsika Parker sun ƙara gaba a littafinsu na 1981: sun nuna cewa raba aikin hannu gida biyu, a kira zanen mai da sassaƙa fasaha, a kira saƙa da ɗinki sana'ar gida, shi kansa rabo ne da ya bi layin jinsi. Pollock ta shafe shekaru fiye da arba'in a Leeds, kuma a 2020 aka ba ta lambar yabo ta Holberg.

A titi ma an yi. Lokacin da gidan fasahar zamani na New York ya shirya wani babban baje koli a 1984, mata 13 kacal aka sa cikin masu fasaha fiye da 160. Daga fushin wannan aka kafa ƙungiyar Guerrilla Girls a 1985, masu rufe fuska suna liƙa takardu ɗauke da alƙaluma. Takardarsu ta 1989 ta ƙirga cewa a sashen fasahar zamani na gidan Metropolitan, mata masu zane ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, amma kashi 85 na zanen tsiraici na mata ne. Ƙirga ta zama ɗaya daga cikin kayan aikin fannin tun daga nan. A Landan kuwa Lubaina Himid, haifaffiyar Zanzibar, ta lura cewa gwagwarmayar matan fararen fata ba ta tuna da baƙaƙe ba, sai ta shirya baje koli uku na mata baƙar fata tsakanin 1983 da 1985. Na ƙarshen, mai ɗauke da mata 11, an rataya mafi yawansa ne a wata siririyar hanyar wucewa ta cibiyar ICA. Himid ta zama farfesa a Jami'ar Central Lancashire, ta kuma ci lambar Turner a 2017, shekaru fiye da talatin bayan wancan aiki. Sai a 2007 manyan gidaje suka buɗe ƙofa sosai: gidan Brooklyn ya buɗe cibiya ta musamman ta fasahar mata ƙarƙashin Maura Reilly, Cornelia Butler ta shirya baje kolin WACK! a Los Angeles, sannan a 2009 Camille Morineau ta sake jera kayan dindindin na Cibiyar Pompidou da ke Faris da ayyukan mata zalla.

Reshe na biyu ya fito ne daga zamanin annobar ƙanjamau, lokacin da masu fasaha da yawa a New York da Landan ke mutuwa da ƙuruciyarsu, iyalansu kuma kan zubar da takardunsu ko su ɓoye yadda suka rayu. Douglas Crimp ya keɓe fitowa guda ta mujallar October ga annobar a 1987, kuma a 1990 Teresa de Lauretis ta shirya taron da ya raɗa wa nazarin kwiya suna a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz. Babbar wahalar wannan reshe ita ce shirun taskar tarihi. Mutumin da ya rayu a zamanin da doka ke hukunta irin rayuwarsa ba ya barin shaida a fili, wasiƙu an ƙone, sunaye an sakaya. To me mai tsara baje koli ke da ikon rubutawa game da mamacin da bai taɓa kiran kansa da sunan da ake amfani da shi yau ba? In ya yi shiru ya ci gaba da ɓoyon, in ya yi saurin laƙaba suna ya ɗora wa matacce rigar da ba tasa ba. Baje kolin da Clare Barlow ta shirya a Tate Britain a 2017 ya ɗauki iyakokinsa daga doka: 1861, shekarar da aka soke hukuncin kisa kan luwaɗi a Ingila, zuwa 1967, shekarar da aka sassauta dokar. Wannan dabara ce mai kyau, domin ta kafa hujja kan abin da ke rubuce maimakon zato a kan zukatan mutane.

Shi ne kuma reshen da ya fi jawo wa masu shi rigima. A 1989 gidan Corcoran na Washington ya soke baje kolin hotunan Robert Mapplethorpe, a 1990 aka gurfanar da Dennis Barrie, shugaban wata cibiyar fasaha a Cincinnati, gaban kotu saboda ya nuna su, masu taya alƙali hukunci suka wanke shi. A 2010 hukumar Smithsonian ta cire bidiyon David Wojnarowicz daga baje kolin da Jonathan Katz da David Ward suka shirya, bayan ƙorafin 'yan majalisa da wata ƙungiyar Katolika. A 2017 aka rufe baje kolin Queermuseu a birnin Porto Alegre na Brazil kafin wa'adinsa, sai a shekara ta gaba aka sake buɗe shi a Rio da kuɗin karo-karo na jama'a.

Reshe na uku ya fi sauran tsufa a tunani, ko da yake ya fi su jinkirin samun gindin zama. Manyan gidajen kayan al'adu na Landan, Faris, Berlin da Tervuren an cika su ne a zamanin mulkin mallaka, wasu kayan da ciniki, wasu da kyauta, wasu da bakin bindiga, kamar dubban kayan tagulla da hauren giwa da sojan Birtaniya suka kwashe daga fadar Benin a 1897. A 1984 gidan fasahar zamani na New York ya jera sassaƙen Afirka da na tsibiran Pasifik kusa da ayyukan su Picasso, aka soki shirin da cewa ya mayar da su kayan zaburar da Turawa kawai, ba tare da tarihinsu ba. A 1989 Jean-Hubert Martin ya yi ƙoƙarin gyara a Faris da masu fasaha kusan 100, rabi daga Yamma rabi daga sauran duniya, shi ma bai tsira daga suka ba. A shekarar ce Rasheed Araeen, wanda ya kafa mujallar Third Text a 1987, ya shirya baje kolin masu fasahar Birtaniya 'yan asalin Afirka, Asiya da Karibiyan a zauren Hayward. Amma darasin da aka fi koyarwa a aji har yau shi ne na Fred Wilson a Baltimore a 1992. Bai kawo komai daga waje ba. Ya shiga ma'ajiyar ƙungiyar tarihi ta Maryland, ya ɗauko marin ƙarfe da ake ɗaure bayi da shi, ya ajiye shi a akwatin gilashi ɗaya da butocin azurfa na masu gida. Jeri kaɗai ya isa hujja.

Ginshiƙin tunanin reshen ya zo daga Latin Amurka, inda Aníbal Quijano na Peru ya yi bayanin cewa tsarin fifiko da mulkin mallaka ya kafa yakan ci gaba bayan an sauke tuta. María Lugones ta ƙara da cewa rabon jinsi ma yana cikin abin da aka kafa ɗin, tana dogaro da littafin Oyèrónkẹ́ Oyěwùmí na 1997, wanda ya ce a tsohuwar zamantakewar Yarbawa girman shekaru ya fi jinsi ƙarfi wajen raba matsayi. Masana da dama sun ja da wannan magana, amma a nan ne rassan uku suka haɗu, kuma shi ya sa ake yawan ganin su a jere cikin tallar aikin jami'a ɗaya.

Hanyar shiga sana'ar ta canza ƙwarai. Da, mai tsara baje koli yakan karanta tarihin fasaha ne ya shiga gidan tarihi a matsayin mataimaki, ya koyi aiki a hannun na gaba. Shirin nazari na gidan Whitney a New York, wanda ya fara a 1968, na cikin na farko da suka haɗa karatun ra'i da aiki. Makarantu na musamman sun biyo baya: Magasin a Grenoble a 1987, Royal College of Art a Landan a 1992, De Appel a Amsterdam da Kwalejin Bard a jihar New York a 1994. Daga baya digiri na uku ya shigo. Kwalejin Goldsmiths ta buɗe nata shirin ƙarƙashin Irit Rogoff da Jean-Paul Martinon, Dorothee Richter ta jagoranci wani a Zurich tare da Jami'ar Reading. A irin wannan digiri ɗalibi kan gabatar da baje koli tare da rubutaccen kundi, a auna su biyun. A Birtaniya akwai kuma tsarin da jami'a da gidan tarihi ke haɗa hannu su ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya, yana da mai duba aiki a kowane ɓangare. Bayan ra'i, ana sa ran ɗalibi ya iya abubuwan da ba su da ƙyalli: yarjejeniyar aron kaya, inshora, kasafin kuɗi, yawan haske da danshin da takarda ko yadi za su jure, haƙƙin mallakar hoto, da rubuta bayani cikin gajerun layukan da kowa zai gane.

Wanda ya gama ya sami aiki yakan tarar yana bauta wa iyayengiji biyu masu ma'auni daban. Jami'a na ƙirga littafi da maƙalar da masana suka tantance, gidan fasaha na ƙirga masu ziyara da masu ba da kuɗi. Baje koli kan ci shekara biyu ko uku ana shiri, ya yi wata uku a buɗe, a kwashe, abin da ya rage sai kundin hotuna da bayani. A Birtaniya tsarin auna binciken jami'o'i ya amince da baje koli a matsayin sakamakon bincike, kuma a zagayen 2021 an ba tasirin aiki a wajen jami'a kashi 25 cikin ɗari na maki, abin da ya ɗaga darajar masu wannan fanni. A sassan tarihin fasaha na Amurka kuwa har yanzu littafi ne babban mabuɗin tabbatar da malami a aiki. Kaɗan ne ke samun kujerar da ta haɗa biyun, kamar Dan Hicks da ke farfesa a Oxford kuma mai kula da kaya a gidan Pitt Rivers. Mafi yawa suna haɗa koyarwa ta wucin gadi da kwantiragin baje koli ɗaya bayan ɗaya. Binciken Gidauniyar Mellon na 2015 ya gano cewa kashi 84 cikin ɗari na masu riƙe da muƙaman tsarawa, adanawa, ilimantarwa da shugabanci a gidajen fasahar Amurka fararen fata ne, kuma a 2019 ma'aikata suka buɗe wani jadawali a intanet suna bayyana albashinsu, wanda ya tona ƙarancin ladan. Sana'ar da ake shiga da tsadar digiri da horon da ba a biya tana tace talaka tun a bakin ƙofa, kuma wannan babban rauni ne ga fannin da ke da'awar buɗe ƙofa. Siyasa ma kan shigo har cikin aji: gwamnatin Hungary ta janye amincewa da digirin nazarin jinsi a 2018, kwalejin New College ta Florida ta yanke rufe nata sashen a 2023.

Abin lura shi ne da yawa daga cikin manyan 'yan Afirka da suka girgiza fannin ba su bi wannan tsani ba. Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba a 1963, kimiyyar siyasa ya karanta a Amurka. Ya kafa mujallar Nka a 1994, wadda ya riƙa gyarawa tare da Salah Hassan da Chika Okeke-Agulu, ya jagoranci baje kolin Documenta ta 2002 a matsayin na farko da ba Bature ba, ya kuma watsa ta zuwa dandali biyar, ɗaya a Legas. A 2015 ya jagoranci baje kolin Venice, ya rasu a 2019. Bonaventure Ndikung na Kamaru digirinsa na uku a fannin fasahar halittu ta likitanci ne, ya buɗe cibiyar SAVVY Contemporary a Berlin a 2009, a 2023 ya zama shugaban cibiyar Haus der Kulturen der Welt. Matan kuwa makarantu suka gina da hannunsu. Bisi Silva ta buɗe Cibiyar Fasahar Zamani a Yaba, Legas, a 2007, da ɗakin karatu a zuciyarta, sannan ta kafa Àsìkò a 2010, makaranta mai yawo daga birni zuwa birni a Afirka, domin ta ga manhajar makarantun fasaha ta tsaya inda Turawa suka bar ta. Koyo Kouoh ta kafa RAW Material Company a Dakar a 2008, ta jagoranci gidan fasaha na Zeitz MOCAA a Cape Town daga 2019, aka naɗa ta a ƙarshen 2024 ta shirya baje kolin Venice na 2026, ta rasu a watan Mayun 2025. A Kumasi, malaman Jami'ar Kwame Nkrumah sun nuna ana iya yin irin wannan daga cikin jami'ar gwamnati ta hanyar shirin blaxTARLINES. Cibiyoyin Silva da Kouoh sun horar da mutane da yawa ba tare da ba da digiri ba, kuma jami'o'in Turai na koyar da aikinsu yau.

Yanayin aiki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2014 an rufe wani baje koli da RAW ta shirya a Dakar kan masu neman jinsi ɗaya a Afirka, mai ɗauke da hotunan Zanele Muholi da wasu, bayan an lalata gaban ginin kuma matsin lamba ya yi yawa. A shekarar ce Najeriya ta sa hannu kan dokar hana auren jinsi, mai hukuncin da ya kai shekara 14 a gidan yari, da shekara 10 ga masu tallafa wa ƙungiyoyinsu. Ayyukan Rotimi Fani-Kayode kuwa, wanda aka haifa a Legas a 1955 ya rasu a Landan a 1989, a hannun cibiyar Autograph ta Landan suke, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta. Akwai kuma tambayar ko rukunan da aka ƙera a jami'o'in Amurka sun dace da ko'ina. Binciken Rudolf Gaudio na 2009 kan 'yan daudu a Kano ya nuna mutane masu nasu tarihi da sana'a da salon magana waɗanda ba su zauna daidai cikin waɗancan rukunai ba. Mai tsarawar da ya yi da'awar yaƙi da mulkin mallaka sannan ya shigo da ma'aunin waje bai duba ba, ya maimaita abin da yake suka.

Suka daga cikin gida ita ce mafi kaifi. Eve Tuck da Wayne Yang sun yi gargaɗi a 2012 cewa an mayar da batun kawar da mulkin mallaka adon magana alhali asalinsa batun mayar da ƙasa ne ga masu ita. Sumaya Kassim, bayan aikin da ta yi da gidan tarihi na Birmingham a 2017, ta rubuta cewa gidan da aka gina kan mallaka ba zai warke da baje koli ɗaya ba. Daga wani ɓangaren Olúfẹ́mi Táíwò na Jami'ar Cornell ya ce a 2022 yawan jingina komai ga mulkin mallaka na tauye wa 'yan Afirka matsayinsu na masu zaɓar abin da suke so. Alƙaluma sun fi goyon bayan masu shakka. Baje kolin Venice na 2022 ƙarƙashin Cecilia Alemani ya ba mata da waɗanda ba su bi rabon jinsi ba kusan kashi 90 na gurabe, amma binciken Charlotte Burns da Julia Halperin kan gidaje 31 na Amurka daga 2008 zuwa 2020 ya nuna kashi 11 kawai na kayan da suka shiga ma'ajiyarsu na mata ne, na baƙaƙen matan Amurka kuma rabin kashi ɗaya. Baje koli kamar kasuwar mako yake, ta ci ta watse. Abin da aka saya, aka yi wa rajista, aka rubuta sunan mai shi, shi ke wanzuwa, kuma da shi ya kamata a auna mai wannan sana'a.

Labarin Ladi Kwali ya nuna irin aikin da ke wanzuwa. Ta koyi ginin tukwane a ƙauyen Kwali, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta, a 1954 ta zama mace ta farko a cibiyar da Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta na bayan naira 20. Duk da haka an daɗe ana ba da labarinta a matsayin reshen labarin Cardew, har Jareh Das ta shirya baje koli a Landan a 2022 da ya sa ta a farkon silsilar mata baƙar fata masu aikin yumɓu. Ita an san sunanta. Faifai, ƙwarya, tukunya da babbar riga da yawa da aka ɗauka daga arewacin Najeriya da Nijar suna ma'ajiyar Turai da sunan ƙabila da na Baturen da ya tara su, ba sunan wadda ta saƙa ko wanda ya yi aikin allura.

Binciken asalin kaya shi ne ɓangaren da ya fi buɗe guraben aiki a 'yan shekarun nan. Bayan jawabin Emmanuel Macron a Wagadugu a 2017, rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018 ya ƙiyasta cewa gidajen gwamnatin Faransa na riƙe da kayan Afirka kudu da Sahara kusan 90,000. A 2021 aka mayar da guda 26 Jamhuriyar Benin. A 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin fiye da 1,100, aka kawo kashin farko Abuja a watan Disamba, kuma shirin Digital Benin ya tattara bayanan kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Mafi yawan kuɗin wannan bincike da kujerunsa suna jami'o'i da gidajen tarihin Turai, yayin da sanin harshe, waƙoƙin fada da tarihin baka da ake buƙata don gane kayan yana wurin mutanen da aka raba da su. Dawowar kayan kuma ta buɗe wata sabuwar muhawara, domin a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ayyana Oba na Benin a matsayin mai mallakarsu, abin da ya sa dole hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, fada da gwamnatin jihar Edo su sasanta wa zai adana, wa zai nuna, wa kuma zai rubuta bayanin da za a liƙa a gefe.